Kayan Azumin Hajiyar Limanti

Bazara ce, irin wadda ko inuwar dogon yaro ba ta tsinana wa mutum komai. Saura mako biyu a kama azumi. Shekarar ba ta yi mana daɗi ba a Gomari. Wuta sai ta ga dama take zuwa, ƙanƙara ta zama abin da ake yi wa layi, kuma abin da ka saya yau in ka koma jibi sai mai shago ya ce maka ya tashi. Mutane ma ba su cika faɗa ba a lokacin, gajiya ta yi yawa. Ni dai ina gida ina ɗinkin hula, sana'ar da na riƙe tun rasuwar maigidana, da safe kafin rana ta yi ƙarfi, sai kuma bayan la'asar.

Ɗana na fari mai wasan barkwanci ne. Ba zan rubuta sunansa ba, ban ma taɓa kiransa da shi ba. Sunan mahaifina ya ci, don haka Babana nake ce masa, shi kuma Ya yake ce mini, yadda 'ya'yan garin nan suke kiran uwa. Ɗan fari ne, akwai kunya tsakaninmu. Ba na yabonsa a gabansa, ba na yawan kallon fuskarsa, kuma har zuwa shekarar da nake ba da labari ban taɓa zuwa na ga wasansa ba.

Tun yana ƙarami yake kwaikwayon mutane. Bulamanmu, wato mai unguwarmu, yana da wani tari da yake yi kafin ya fara magana, to yaron nan sai ya tsaya a bayan ƙofa ya yi tarin, mahaifinsa ya zabura ya ɗauki hula zai fita tarbar baƙo. Da ya gama difloma ya yi ta yawo da takardu, aiki bai samu ba. Sai abokansa suka riƙa kiransa ya riƙe musu makirufo a wajen biki, musamman ranar wushe-wushe, wato ranar da dangin ango ke zuwa gidan amarya a yi wasa da raha. Wani ɗan Ibo mai shagon kayan sauti a kasuwa, haifaffen garin nan, Hausa da Barbarci duk a bakinsa, shi ya fara ba shi aron lasifika. A hankali ya bar gabatar da ango da amarya ya koma tsayawa shi kaɗai. Ba kiɗa, ba waƙa, mutum ɗaya a tsaye yana magana jama'a na dariya, a kuma biya shi. Na daɗe ban yarda wannan aiki ba ne.

Siyasa ta shigo ne ta famfon unguwarmu. An haƙa mana rijiyar burtsatse, aka zo da motoci da 'yan jarida aka yanke ƙyalle, ɗan majalisar da ke wakiltarmu ya tari ruwan da hannu ya sha. Honarabul kowa ke ce masa, ni ma haka zan ce masa a nan. Mu da muke wurin mun san tankar ruwa ce ta cika tankin ana gobe za su zo. Bayan kwana biyu famfo ya ƙafe. Shekara na zagayowa aka sake masa fenti, aka sake yanke ƙyalle. Babana ya ba da labarin nan a wani taro, wani ya ɗauka a waya, kafin mako ya fita har Kano an gani.

Maƙwabciyata ce ta fara gaya mini. Malamar firamare ce, Kirista 'yar kudancin Borno, katanga ɗaya ce tsakaninmu fiye da shekara ashirin. Malama nake ce mata, ita ma ta taimaka mini sosai lokacin da nake zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan na yaye autata. Ta miƙo mini waya ta kan katanga ta ce, “Maman yara, zo ki ga ɗanki ya zama mutum.” Na ce ta bar shi, hannuna da zare. Muryarsa kawai na ji da ihun mutane.

Bayan watanni aka kama shi. An ce ya tayar da hankalin jama'a. Kwana uku ya yi a tsare, ni kuma kwana ukun nan kullum ina ƙarƙashin wata bishiya a bakin ofishin 'yan sanda da kwanon abinci, daga hantsi har rana ta yi sanyi. Ban yi kuka ba, ban roƙi kowa ba, ban ma san wanda zan roƙa ba. Ranar da aka sake shi muka hau keke napep ɗaya. Muna tafe ya dubi ƙafafuna da suka kumbura ya ce, “Ya, na yi miki alkawari. Duk ranar da kika ce in daina, na daina. Ba zan tambaye ki dalili ba.”

Na ce, “To.” Ban ce ya daina ba, ban kuma ce ya ci gaba ba. Haka muka zauna shekara biyu.

A shekara biyun nan manyan gari suka daina kiransa biki. Masu zauren taro sai su karɓe shi, ana gobe wasa su ce janareta ya lalace. Amma 'yan keke da malaman makaranta da ɗalibai da ƙananan ma'aikata ba su daina zuwa ba, duk inda ya samu wuri suna nan. Kuskuren da ya yi ɗaya ne: alkawarin da ya yi mini a cikin keke ya mayar da shi abin wasa. Yakan ce wa jama'a shi ba ya tsoron kowa a garin nan, mutum ɗaya ce in ta ce ya yi shiru zai yi, ita ce mai ba shi tuwo. Mutane suka yi dariya, wasu kuma suka riƙe maganar.

Ranar wata Talata da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gidana. Direba ya yi sallama ya ce Hajiya wance ta Limanti ce ta aiko shi, ta ce a gaishe ni, ga kayan azumi. Na san ta. A Limanti aka haife ni, layi ɗaya muka tashi da ita, tare muke zuwa niƙa. Aure ya raba mu, ita ta yi sama, ni na zo Gomari, sai dai gaisuwa a wajen rasuwa. Na san Honarabul ƙanenta ne, ba zan ce ban sani ba. Amma a ranar wallahi ban haɗa biyun ba. Abin da na gani shi ne ƙawar ƙuruciya ta tuna da ni, kuma aika wa bazawara kayan azumi ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Buhun shinkafa ne da na sukari da na gero, da jarkar mai, da lafaya biyu a leda, irin dogon mayafin da matan garin nan ke naɗawa. Na yi godiya. Na shiga ɗaki na ɗauko abin da ke bakin zanena na ba direban tukuici, don ba a karɓar aike a sallami ɗan aike hannu wofi. Duk wanda ya tashi a nan ya san ma'anar wannan: in ka ba da tukuici ka karɓa ke nan, da hannu biyu, magana ta ƙare. Ya ce bari ya ɗauki hoto don Hajiya ta ga kaya sun iso. Na tsaya a gefen buhunan, har da gyara mayafi.

Kafin azahar na buɗe sukari da shinkafa na rarraba. Haka na ga uwata tana yi. Gida takwas ne a layinmu, kowane na aika masa kwano biyu na shinkafa da ɗaya na sukari, har da Malama, ko da yake ba azuminmu take yi ba, don ita ma ba ta taɓa tsallake ni ranar Kirsimeti ba. Babana ba ya gari, ya je wani wasa, sai Alhamis zai dawo.

Washegari Hajiyar da kanta ta zo. Ta yi ƙiba, ta yi haske, amma dariyarta ba ta canza ba. Muka gaisa, muka sake gaisawa, muka lissafa waɗanda suka rasu a layinmu na da. Ta sha ruwan randa ta ce ya fi na firiji. Sai da na rako ta bakin zaure sannan ta kama hannuna.

“'Yar'uwa, yaron nan naki,” in ji ta. “Ba barazana na zo yi miki ba, kin san ni. Ƙanena ba mugu ba ne. Amma yaran da ke bin sa ba duka yake iya riƙewa ba, kuma zaɓe na matsowa. Ni uwa ce, ke uwa ce.”

Ta ƙara riƙe hannuna.

“An ce ke kaɗai yake jin maganarki. Kalma ɗaya ce. Ki ce ya bari. Akwai gurbin aiki a ofis, da kujera da albashi, takardunsa ba za su ruɓe a akwati ba. Ya yi aure, ki ga jikoki.”

Na ce, “Na ji, Hajiya. Allah ya saka da alheri.” Na koma na tsaya a kan buhunan da na riga na buɗe, sai a lokacin na gane kayan mene ne.

Ba zan ɓoye ba, maganarta ta shige ni. Na tuna bishiyar bakin ofishin 'yan sanda. Na tuna yadda gabana ke faɗuwa duk lokacin da babur ya tsaya a ƙofar gida. Shekara biyu kalmar nan tana bakina ban faɗe ta ba, yanzu ga wata ta zo ta nuna mini cewa in na faɗa har da aiki a ciki.

Ranar Alhamis Babana ya dawo. Bai cire takalmi ba ya tsaya a tsakar gida yana kallon buhunan. Ya juyo mini da fuskar wayarsa. Hoton da direban nan ya ɗauka ne ke yawo a gari: ni ce a tsaye, mayafi a gyare, ga kaya a gefena. An yi rubutu a ƙasa, na sa yatsa na bi a hankali yadda na saba. An rubuta cewa mai baki ya samu abin toshe baki.

“Ya, kin ba da tukuici?”

“Na bayar.”

Ya zauna a kan turmi. Bai ɗaga mini murya ba, bai taɓa yi ba.

“Me suka ce ki gaya mini?”

“In ce ka daina. Za su ba ka aiki.”

“Kin ce?”

“Ban ce ba tukuna.”

“Alkawarina yana nan,” in ji shi. “Jibi Asabar ina da wasa a Maisandari, shi ne na ƙarshe kafin azumi. Tunda ba ki hana ba zan hau. Amma Ya, ba zan iya ci gaba a haka ba. Ni ba ni da komai sai yardar da mutane suka yi cewa ba a saye ni ba. Ko dai ki ce in bari in bari gaba ɗaya, ko kuma...” Bai ƙarasa ba. Ya tashi ya ɗebi ruwa ya shiga wanka.

Ranar Juma'a na leƙa ta katanga na ce wa Malama ko za ta raka ni wani wuri gobe. Ta dube ni ta ce, “Sai yau?” Na ce ba na son ya sani. Ba zan yanke wa abu hukunci ban taɓa ganinsa ba.

Zauren wata makaranta ce mai zaman kanta, bayan la'asar, don a garin nan mun saba gama taro da sauran rana. Janareta na ƙara a waje, fankoki na juya iska mai zafi. Muka zauna a can baya, na ja lafayata har bakin hanci. Malama ta ce a da wurin ba ya ɗaukar mutane don cika, yau ga kujeru wofi a gaba.

Da ya fito ban gane tafiyarsa ba. A gida mutum ne mai sanyi, a can kuwa kamar an ƙara masa tsawo. Bai kai ga yin sallama ba wani ya ɗaga murya daga gefe.

“Ɗan shinkafa! Ya ta ƙoshi?”

Wasu suka yi dariya, wasu suka ce a yi shiru. Shi kuwa ya juya wajen mutumin a hankali.

“Ta ƙoshi, baba, alhamdu lillahi. Ku taya mu murna. Shekara bakwai muna zaɓe, wannan ne karo na farko da aikin mazaɓa ya iso har gidanmu. Kuma ba a ma yi masa fenti ba.”

Zauren ya ɗauka. Daga nan ya shiga labarin famfo. Ya zama tankar ruwa tana lallaɓowa da baya, ya zama mai riƙe almakashi, ya zama famfon kansa, ya yi tari sau biyu ya mutu. Ya ce famfon nan ya fi kowa a Gomari ganin gwamnati, sau uku tana zuwa gaishe shi. Ya koma kan buhun tallafi mai hoto a jiki. Ya ce sun dafa sun cinye ba su ƙoshi ba, sai suka zauna suna kallon kumatun da ke jikin buhun, nan suka gane inda sauran ta shiga. Wani dattijo a gefena, da gani daga ƙauyukan da rikici ya tayar ya zo, yana dariya yana share ido da hularsa yana cewa, “Wallahi haka aka yi mana. Haka ɗin nan.” Ba da kowa yake magana ba.

Sai na ji muryata. Ya rage tsawo, ya ɗan karkata kai, ya ɗaga yatsa yana bin rubutu a iska. Wai ni ce a gaban fostar zaɓe.

“Za... mu... ka-wo... ru-wa.” Ya tsaya, ya matsa kusa, ya sake bi. “Babana, zo ka duba mini. Ko dai karatun nawa ne ya tsaya? Wannan ai shi na karanta wancan zaɓen.”

Na taɓa faɗar haka kuwa, a bakin titi, na ma manta. Malama ta dafa gwiwata tana girgiza. Ni ma dariya ta ƙwace mini a cikin lafaya, ban iya riƙe ta ba.

Wuri ɗaya ne ban yi dariya ba. Honarabul yana da i'ina, in ya zo wata kalma sai ta maƙale masa. Babana ya kwaikwayi wannan, ya ja shi da tsawo, mutane har da buga kujera. Ni kuwa na san i'inar nan tun mai ita bai kai shekara shida ba. Na sha ganin yaran Limanti suna bin sa suna maimaita masa, shi kuma ya ruga ya ɓuya a bayan zanen yayarsa. Ban ga abin da ya haɗa wannan da famfonmu ba.

Muka fita kafin a tashi.

Babana ya dawo ana kiran magariba. Bayan ya yi salla na ajiye masa abinci, na koma kan tabarmata na ɗauki hular da nake ɗinki, don in samu inda zan sa idona.

“Ba haka nake karkata kai ba,” na ce.

Cokali ya tsaya a hannunsa. “Ya, kin je?”

“Na je.”

Ya ajiye kwanon ya jira.

“Ban hana ka ba,” na ce. “Abin da ka faɗa a kan famfo da buhu gaskiya ne, da idona na gani. Amma i'inar mutumin nan ka bar ta. Ba shi ya yi wa kansa ba, kuma ba ita ta hana mu ruwa ba.”

“Ita ce mutane suka fi so, Ya.”

“Ka nemo musu wata.”

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Na bari.” Can ya ɗago ya dubi buhunan da ke jingine a bango. “To waɗannan fa? An riga an ba da tukuici. An ma rarraba.”

“Ni na karɓa,” na ce. “Ci abincinka.”

Na san abin da ke gabana. Mayar da kyauta bayan tukuici cin fuska ne, Hajiya ba za ta sake sallama a ƙofata ba, kuma kariyar da ta zo yi mini tayi ta tafi ke nan. Abin da ya fi wannan nauyi a wurina shi ne abin da na ba maƙwabta. Tunda nake ban taɓa jin wadda ta ba da abu ta koma ta ce a dawo mata da shi ba. Amma in buhu ya koma da giɓi za a ce mun ci rabi, maganar ba ta mutu ba.

Da gari ya waye na yi shara, na yafa tsohuwar lafayata, na ɗauki babbar roba da kwanon awo. Gidan Malama na fara shiga, don ita ce ba sai na yi dogon bayani ba. Ta ce ta riga ta dafa shinkafar, amma ta shiga ɗaki ta auno mini kwano biyu daga tata. A gida na biyu sai da na zauna na faɗi komai tun daga zuwan direba, matar tana kallona baki buɗe, sannan ta tashi ta ɗauko. Wata ta ba ni tana gunaguni, ta ce jikokinta sun sha shayi da sukarin, na ce ta kawo abin da ya rage, zan cika. Kafin rana ta take na gama gida takwas. Na juye a buhunan, na ɗinke bakinsu da zaren hula, na ɗora lafaya biyun a kai a cikin ledarsu. Babana ya fito zai kama mini, na ce ya tsayar mini da keke kawai ya koma ciki. Mai keken ya loda kaya ya tambaye ni ina muka nufa, na ce masa Limanti.